Famfon da Na Bari a Buɗe

Mijina mai gyaran famfo ne, Allah ya jiƙansa. A layinmu Mai Sifana ake ce masa, domin ko dubiyar mara lafiya za shi, sai ka hango kan sifana yana leƙowa daga aljihun rigarsa. Ni kuwa tela ce. Ina da babban keken ɗinki na lantarki, mai teburin ƙarfe, wanda na yi shekaru ina tara kuɗinsa kafin ya shigo hannuna. Da sifanarsa da kekena muka aurar da 'yarmu tilo, ta bi mijinta nesa, muka rage daga ni sai shi.

Akwai yadda muke aiki ni da shi, kuma sai na faɗe shi tukuna sauran zancen zai fito. Duk ranar da yake gyara a gidanmu, shi yana can baya wajen tanki, ni ina kicin a gaban famfo. Ba ya son ɗaga murya. Sai ya buga bututu da sifana, ƙarar ta biyo bango ta same ni. In ya buga a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar wanda yake barci, buɗe yake nufi. In ya buga da sauri-sauri, rufe. Dokarsa ɗaya ce: kada in rufe sai ya ce.

"Injiniya," haka yake kirana, "in kika rufe ban ce ba, iska za ta maƙale a ciki, aikina ya koma baya."

"Injiniyar da ba a biyanta albashi?"

"Ai buɗe da rufe kawai kika karanta. Ki ƙaro ilmi a duba maganarki."

Gidan da bashin banki muka saye shi, gidan kuma shi ne jingina. Ranar sa hannu suka ce sai ni ma na sa, domin sun haɗa da abin da nake samu a ɗinki kafin su yarda. Na rubuta sunana inda aka nuna mini. Muna biya wata-wata ba fashi, har kamfanin gine-ginen da yake ba shi aiki ya rufe, gwiwarsa kuma ta fara kumburi. Muka fara jinkiri, jinkiri ya zama tsallake. Daga ƙarshe aka manna takarda a ƙofarmu, an sa ranar gwanjon gida.

A nan ne Mai Walda ya shigo cikin maganar. Maƙwabcinmu ne, aminin mijina tun suna samari, mutum mai zuciya ɗaya da baki goma. Ya shigo da yamma yana goge hannu a wando.

"Matarmu, kawo ruwa ki zauna. Yau na zo da maganin banki."

Na ce, "Kai da ko asusu ba ka da shi?"

"Shi ya sa nake barci da munshari. Ku saurara. Gwanjo sai da mai saye, ko ba haka ba? To in babu mai saye fa? Banki bulo zai ci? Dole su dawo su ce, Mai Sifana, zo mu sasanta."

Mijina ya ce, "In kuma wani ya taya da arha suka sallama?"

"Asararsu! Kai dai ka miƙa makulli ka kakkaɓe rigarka. Wanda ya karɓi jingina ai ya karɓi kayansa."

Haka dukanmu muka ɗauka. Abin da muka sani ke nan tun tasowarmu: in ka jinginar da rediyo ka kasa fansa, rediyo ya tafi, magana ta mutu. Ba wanda ya taɓa gaya mana na banki daban ne.

Mai Walda ya ɗauki aikin baki. A shagon aski da bakin tasha ya riƙa sakin zance, wai kafin a gina gidan akwai tsohuwar rijiya a wurin, kuma ba ruwa kaɗai aka rufe a cikinta ba. Mijina ya ɗauki aikin hannu. Ya kwance ƙarafan da ke riƙe bututu a cikin bangon lungun da ke tsakanin falo da kicin, ya bar iska a ciki. In ya murɗa abin buɗe ruwa na gindin tanki, sai bangon ya yi gum, gum, sannan ya ja wani dogon nishi kamar saniya tana kuka daga nesa.

Ranar da aka kawo masu son saye su duba, suna tsaye a lungun nan suna ƙwanƙwasa bango suna tambayar shekarun rufin, sai bango ya amsa musu. Ban taɓa ganin manyan mutane sun matsu a ƙofa ɗaya haka ba. Wani mai tumbi ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a falo, bai kuma aiko a ɗauka ba. Da suka watse, mijina ya shigo yana riƙe da ciki, ya zube a kujera da takalmin a hannu. Dariyar ƙarshe ke nan da na ji ya yi da dukan jikinsa.

Ranar gwanjo mutum ɗaya ne ya taya, wani mai shagon katifu a babbar kasuwa. Abin da ya taya bai kai rabin kuɗin gidan ba. Aka sallama masa. Banki bai zo sasantawa ba.

Muka koma ɗakin haya a bayan wani kantin magani. Ɗaki ɗaya, taga ɗaya, famfo yana can tsakar gida na kowa da kowa. Gado a kusurwa, keke a gindin taga, akwatunanmu a kan juna. Na yi kuka na gode Allah. Mijina ya ce, "Gida ya tafi, amma wuyanmu ya sauke kaya. Mu fara daga farko, Injiniya."

Ba mu daɗe ba wani mutum ya yi sallama da hantsi. Dattijo ne mai tabarau, da jaka a hammata, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya ce daga banki yake. Na ba shi kujerar keke ya zauna, don ita kaɗai ce kujera. Ya nemi ruwa ya haɗiye ƙwayar ciwon ciki kafin ya fara magana.

Mijina ya ce, "Yallaɓai, ai mun ba da makulli."

"Kun bayar. Ragowar na zo yi muku bayani."

"Ragowar me?"

Mai Tabarau ya cire tabaran ya goge. "Gidan jingina ne, ba biya ba ne. Abin da aka sayar da shi an cire daga bashin. Abin da ya rage yana nan, ga kuɗin lauya da na masu gwanjo sun hau kai. Kotu ta ba banki ikon bin ragowar a kan duk wanda ya sa hannu." Ya dube ni. "Har da ke, Mama."

Na ce, "Kun ɗauki gida, kuma ku biyo mu ɗakin haya?"

"Haka takardar da kuka sa wa hannu ta ce. Da gidan ya yi kuɗinsa, da ba ku ga fuskata ba. Watakila ma da canji za a kawo muku. Ni har yau mamaki nake yi, gida mai kyau irin naku a ce mutum ɗaya ne ya taya."

Mijina ya zaro sifanar daga aljihu yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Bayan baƙon ya tafi ya daɗe a haka, sannan ya ce, "Da hannuna na karya kuɗin gidan nan. Ni zan biya. Kekenki ba mai taɓa shi."

Daga ranar bai sake hutawa ba. Aikin da a da yake rainawa, na fasa kwata da shiga ramin ƙazanta, duk ya riƙa karɓa, da kumburarriyar gwiwarsa. Mai Walda ya daina bi ta layin da muke. Wata rana da tsakar rana aka aiko a kira ni. A banɗakin wani gida aka same shi zaune, bayansa jingine da bango, sifana a cinya, ruwa yana bi ta kan ƙafafunsa. Matar gidan ta ce ta leƙa ta ɗauka hutawa yake yi.

Mai Walda ya fi kowa kuka. Ban hana shi ba, ban kuma rarrashe shi ba.

Da mutane suka janye, 'yata ta koma gidanta, Mai Tabarau ya dawo. Ya cire takalmi a ƙofa, ya yi mini ta'aziyya yadda ya kamata, sannan ya ce sunana yana nan a kan bashin. Ƙarshen wata ma'aikatan kotu za su zo su ɗauki abin da za a iya sayarwa. Yana faɗa yana ƙoƙarin kada ya dubi keken, wanda yake zaune a gabansa.

"Mama, in da za a sami wani abu mai kauri a biya lokaci ɗaya, ko bai kai duka ba, manyanmu sukan yarda a rufe maganar. Na sha gani."

"Ina zan samo abu mai kauri, Yallaɓai? Abin da ya fi kauri a ɗakin nan gwiwarka tana taɓa shi."

In keken nan ya tafi, ba ni da kuɗin haya, ba ni da na abinci. Sai dai in je in zauna a gidan suruki ina jiran a zubo mini. Na riƙa ɗinki ina shafa teburinsa kamar dabbar da aka riga aka yi cinikinta.

Ana saura 'yan kwanaki sai ga Mai Katifa, wanda ya sayi gidanmu. Ranar gwanjo na gan shi da ƙiba da sheƙi. Yanzu wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ko zama bai yi ba.

"Hajiya, ni ba yaro ba ne. Tun kafin in taya mai aski ya tsegunta mini wasan da mijinki ya yi da bututu, shi ya sa ban gudu ba. Na kawo masu gyara suka ɗaure, gida ya yi shiru, na zuba 'yan haya. To bugun ya dawo. Kullum da rana tsaka. Na yanke ruwa, na sauke tanki, na sa an farke bango an zare bututun duka. Bai daina ba. 'Yan haya sun kwashe kayansu, mai gadi ma da rana yake gudu. Ki faɗa mini inda ya binne ɗayan ƙarfen."

Na ce, "Yaushe ya dawo?"

Ya faɗi ranar. Na ajiye almakashin da ke hannuna. Ranar da aka kira ni banɗakin nan ce.

Na yafa mayafi na bi shi.

Gidan yana nan, amma kamar an yi masa fiɗa. Duk inda bututu ya bi an tsaga bango, dogayen ramuka daga ƙasa har sama, ƙurar siminti ta rufe daɓe. Ga ƙusar da nake rataye madubi. Ga inda kabad ya tsaya, fentin wurin ya fi na ko'ina haske. A kicin ba abin da ya rage sai kan famfon nan nawa, a maƙale da ɗan guntun ƙarfe a bango, bayansa rami, babu abin da ya haɗa shi da komai.

Mai Katifa ya ce, "Wannan ya gagare su. Ba ya murɗuwa, ba ya ciruwa. Ƙarti sun rataya a kansa sun haƙura."

Rana tana tsakiya. Ta taga ina jin masu babur, da wata mata tana kiran ɗanta, da injin Mai Walda yana kuka a can gaba. Komai na duniya yana tafiya yadda ya saba. Sai aka buga.

Ba gum-gum ɗin wasan nan ba ne. Ƙarfe ne a kan ƙarfe. Ƙwas. Aka yi shiru. Ƙwas. A hankali, ba gaggawa, daga cikin ramin da babu bututu. Na san hannun. Na san ɗan jinkirin da yake yi tsakanin bugu da bugu, lokacin da yake gyara tsugunno saboda gwiwa. Ban ankara ba sai na ga hannuna na dama ya miƙe ya nufi famfo shi kaɗai. Na cafke shi da na hagu, na cusa cikin mayafi.

"Kin ji ko?" Mai Katifa ya ce daga bakin ƙofa. "Ina yake?"

Na ce, "Na san abin da ake nema. Ba ƙarfe ba ne, kuma ba kai za ka iya ba."

Ɗan kasuwa ne, nan take ya gane. "Nawa?"

"Ba ni za ka ba ba. Banki za ka ba. Akwai ragowa a kaina."

"Ikon Allah! Ni na ci bashin?"

"Ba kai ka ci ba. Amma arhar da ka ci, a wuyana ta sauka."

Ya fara ciniki kamar a shagonsa. Wai kasuwa ba ta tafiya, wai gyaran bango kaɗai ya cinye shi, wai ya ba ni katifa sabuwa mai kauri da kuɗin hayar wata uku. Duk maganar da zai yi, ana bugawa a bayana. Ƙwas. Kowane bugu sai kafaɗarsa ta zabura.

"In na biya bai daina ba fa?"

"Ka zo ka ɗauki keken ɗinkina. Ka riga kotu."

Ya dubi bangon, ya dube ni. "Mu je," ya ce.

Fitar nan ita ce abu mafi wuya da na taɓa yi. Tsawon zamanmu ban taɓa barinsa yana bugu na juya baya ba, ko tukunya tana ƙonewa. Da na kai ƙofar kicin na tsaya, na ce a hankali, "Ka ɗan yi haƙuri, Mai Sifana. Ina zuwa."

Bugun ya tsaya. Kamar tsawon jan numfashi ɗaya. Sannan ya ci gaba.

Da na fito, Mai Katifa ya riga ya tsallaka titi.

Maganar banki ta ci kwanaki, hawa bene da sauka, jira a benci a ƙarƙashin fanka. Mai Tabarau ne ya yi ta kai da kawowa da ƙwayarsa a aljihu, har manyansa suka yarda da abin da Mai Katifa ya ajiye. Bai tambaye ni dalilin da ya sa mai saye yake biya wa mai bashi ba. Duk rana tsaka ina zaune a bencin nan, na san abin da ke faruwa a kicin ɗina, sai in danne hannuna a ƙarƙashin cinya. Ranar da aka buga hatimi na ce Mai Tabarau ya karanta mini takardar da ƙarfi, tun daga sama har ƙasa.

"Babu ragowa?"

"Babu ragowa, Mama."

"Ragowar ragowa fa?"

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ita ma babu. Ki je ki yi ɗinkinki."

Washegari na koma gidan. Mai Katifa ya buɗe mini ƙofa ya tsaya a waje, wai yana amsa waya. Na shiga ni kaɗai, na tsaya inda na saba tsayawa, har sawun ƙafata na rannan yana nan a cikin ƙura. Ban jira da yawa ba. Ƙwas. Ƙwas.

Na ce, "Ga ni."

Na ɗora yatsu a kan famfon da ya gagari ƙarti. Ya juya kamar jiya aka sa masa mai.

Ruwa bai zo ba. Iska ce ta fito, mai sanyi, ta bi ta bayan hannuna ta shiga hannun rigata. Tana da warin gam ɗin haɗa bututu da na jan sabulun da yake wanke hannu da shi in ya dawo. Ta yi ta fitowa, ta yi ta fitowa, abin da ɗan guntun ƙarfen nan ba zai taɓa riƙewa ba. Sannan ta yi ƙasa-ƙasa, ta ƙare. Bugun ya ɗauke.

Na tsaya da hannuna a kan famfo ina jiran na sauri-sauri, na rufewa. Hasken taga ya bar ƙafata ya hau bango. Ƙafafuna suka yi tsami. Ba a buga ba.

Da na fito Mai Katifa ya ce, "Ya tafi?"

"Ya yi shiru. Amma ka gaya wa duk wanda zai zauna, famfon kicin a buɗe yake, kada kowa ya rufe."

"Famfon da babu ruwa? Don me?"

"Bai ce a rufe ba."

Bai sake tambaya ba. Na ji an ce ya gyara bango, ya ja sabon bututu ta wani gefen, ya zuba 'yan haya, har yau ba wanda ya gudu. Tsohon famfon kuma an kafa masa ɗan akwatin katako, an sa kwaɗo.

Keke yana nan a gindin taga. Da shi nake biyan haya, da shi nake ci. Sai dai kullum in rana ta take, ƙafata takan sauka daga kansa da kanta, ɗakin ya yi tsit, in kasa kunne ga bangon da babu ko bututu ɗaya a cikinsa. Jiya wata mai kawo ɗinki tana zaune a bakin gado na yi haka. Ta ɗaga kai ta dubi ƙwan lantarki.

"An ɗauke wuta ne, Mama?"

Na ce, "A'a, 'yar nan. Ɗan yi shiru tukuna."